Ƙyallen da Ya Rabu da Faifansa

A Abeokuta, daga Itoku har Ijaiye, idan mata suna shirin biki aka zo maganar anko, akwai gidan da ake bi ta cikinsa kafin almakashi ya taɓa yadi. Gidan Wuraola Sotunde ne, wadda kowa ke kira Iya Kolapo. Shekararta sittin da takwas lokacin da wannan abu ya faru, cikin watan Maris na 2012, kuma arba'in da huɗu daga ciki ta yi su ne a rumfa ɗaya a kasuwar Itoku tana sayar da rinannen yadin adire da atamfa. Makaranta aji uku ta yi, mahaifiyarta ta cire ta ta zaunar da ita a gindin tukunyar rini. Tana gane lamba, tana haɗa sunanta da ƙyar. Amma ka nuna mata ƙyalle kamar tafin hannu, za ta gaya maka wa ya saka shi, a wane biki, har da abin da aka ci ranar.

Ƙungiyarsu, Ayomikun, mata sittin da huɗu ne, Musulmi da Kirista, yawancinsu 'yan kasuwa. An kafa ta a 1972, kuma cikin dokokinta akwai ɗaya da ba a taɓa sassautawa ba: ba a maimaita anko. Yadin da aka saka sau ɗaya, ko a aure ne, ko suna, ko bikin binne tsohuwa, ya tafi ke nan. Wani zai ce ai wannan ba abin wahala ba ne. To amma ƙungiyar da ke fita biki bakwai ko takwas a shekara, ga kamfanonin atamfa da kan dawo da tsohon zane bayan an manta da shi, dole ta nemi mutum guda da ba ya mantuwa. Tun 1984 Iya Kolapo ce wannan mutumin. Babu albashi, babu kujera ta daban. Abin da take da shi magana ce: idan ta ce a yanka, sai a yanka.

A waccan shekarar aka fara ɗaukar bikinsu a bidiyo. Da aka kawo mata kaset ɗinta, baƙi wuluk kamar na kowa, sai ta yago ƙyalle daga ragowar ankon ranar ta ɗaura masa. Haka ta ci gaba, ba na ƙungiya kaɗai ba, har na dangi, na coci, na maƙwabta, duk bikin da ta je aka yi anko aka ɗauka. Marigayi mijinta, wanda bakanike ne, yakan ce falonsa ya koma asibiti, kowane kaset da bandejinsa.

A 2005 kaset ya fara cinyewa, ta riƙa kai su ɗaya bayan ɗaya wurin wani mai shago yana juye mata a faifai. Nan ta haɗu da abin da ta ce dominta aka ƙera shi: gidan faifai mai kauri, baƙin nan na roba mai rigar leda a waje. Ta yanka kwali daidai girmansa ta mai da shi ma'auni. Kowane ƙyalle sai ta goge shi, ta daidaita shi da kwalin, ta zura shi ƙarƙashin ledar, ta tabbata mafi kyawun zanen ya faɗo a ƙeya, wato gefen da ke kallon mutum idan an jera. Ƙeyar mai kauri milimita goma sha huɗu ce, faɗin ɗan yatsanta. Ya isa fure ɗaya ya fito, ko idon tsuntsu, ko rabin ganye. Mai shagon ya so ya rubuta suna a kan fayafayan, ta ce kar ya ɓata tawadarsa, ita ba da rubutu take nema ba.

Zuwa 2012 tana da ɗari uku da goma sha biyu, jere a kan katakai uku da aka ɗora a bulo, sun cinye bangon falo guda. Daga bakin ƙofa kamar rumfarta ta Itoku ce aka tsuke. Mace ta shigo da samfurin yadi, Iya Kolapo ta karɓa, ta bi bangon da ido, kafin baƙuwa ta gama shan ruwa an yanke hukunci.

Mutum ɗaya ne wannan bango ke ci wa rai, ɗanta Kolapo. Shekararsa arba'in da ɗaya, ma'aikacin safiyo, mutumin da ko takalmansa a jere yake ajiyewa. Katakan sun lanƙwashe, ƙura na hawa, kuma baƙi za su cika gidan saboda ƙungiya za ta yi bikin cika shekara arba'in a watan Afrilu. Don haka da mahaifiyarsa ta tafi Legas kwana biyar tare da uwar ƙungiya, Alhaja Nimota Sobande, domin zaɓo ankon wannan babban biki, sai ya ga ga dama ta samu.

Ranar Litinin da la'asar ta sauko daga tasi tana waƙa. Sun zagaye kasuwar Balogun har ƙafar Alhaja ta kumbura, sannan a rana ta huɗu idonta ya faɗa kan wata atamfa ruwan goro mai zanen ƙananan lemomi shuɗaye, irin na tare ruwan sama. Tana gani ta ce ita ce. Turmi sittin da huɗu suna ɗakin Alhaja, ranar Asabar ƙarfe goma za a raba, daga nan kowa ta nufi telanta.

Kolapo ya kwanta ya gaishe ta, ya miƙe yana murmushi har kunne.

"Maami, rufe idonki."

"Ka yi sabuwar mota ne?"

"Rufe dai."

Da ta buɗe, katakai babu, bulo babu. A lungu tsakanin taga da ƙofa ga wani kabad mai gilashi yana ƙyalli, a ciki kuma sahu huɗu na wasu abubuwa sirara, farare tas kamar ƙanƙara, kowane da 'yar takarda mai lamba.

"Ina kayana?"

"Ga su nan, Maami, duka. Ɗari uku da sha biyu, ban bar ko ɗaya ba. Dubi, har da sauran wurin talatin."

"Kolapo, ina kayana?"

Ya fara bayani, kuma bayanin gaskiya ne. Kabad ɗin kanta huɗu gare shi, kowace santimita sittin. Mai kauri ɗari da saba'in kacal zai ɗauka. Siriri kuwa rabin kaurin wancan ne, milimita bakwai, don haka duka sun shige. Ba nauyi, ba ƙura, ga falo ya buɗe.

"Na ce ka yi mini lissafi? To malam mai awo, wannan mai lamba tamanin da uku, bikin wa ne?"

"Sai a saka a gani."

"Sai a saka a gani!" Ta tafa hannu ta juya kamar akwai jama'a a bayanta. "Ku zo ku ji. Na haifi ɗa, na kai shi makaranta har ya iya auna gonakin mutane, yau ya zo ya tuɓe wa biki ɗari uku zane a falona."

Tsofaffin gidajen faifan ya bai wa wani mai sayar da faifai a tashar Kuto. Ƙyallayen kuwa bai zubar ba, ya ninke su tsaf ya cusa a rigar matashin kai. Ta fizge ta, ta zazzage a tsakar falo. Leshi, shadda, ashoke, adire, shekara ashirin da takwas a cakuɗe. Ta durƙusa tana tonawa tana kiran sunayensu kamar mai ƙidaya awaki, sai hannunta ya tsaya.

Ta jawo jakarta, ta ciro samfurin da ta zo da shi daga Legas, ta shimfiɗa shi kusa da wani tsohon ƙyalle. Ruwan goro. Ƙananan lemomi shuɗaye. Na ƙasa ya ɗan koɗe, amma ko makaho ya shafa ya san uwarsu ɗaya.

"Shi ya sa idona ya so ta," ta ce a hankali. "Ashe ya santa."

Ga yadda lamarin yake. Idan a bikin ƙungiya aka saka wannan atamfa, to ta haramta, kuma ita da kanta ta zaɓo ta, a bikin da ya fi kowane girma. Idan na dangi ne ko na coci, babu laifi. Mai kanti a Balogun ta yarda za ta canza kaya har zuwa ƙarshen mako muddin ba a yanka ba. Da bangon yana nan yadda yake, minti ɗaya ya isa: ta zaro, ta saka, ta gani. Yanzu ƙyallen yana hannunta, faifansa kuma yana wani wuri cikin kabad. Waɗanda aka yi daga 2005 suna da hoton mai biki a jikinsu, ta ware su. Sauran ɗari da tamanin da bakwai, waɗanda aka juye daga kaset, ba su da ko ɗigo.

Kolapo ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Maami, wa ya gani? Daga ni sai ke."

"Ka san Adunni?"

"Na santa."

"To ranar biki, ana tsakiyar rawa, makaɗi ya ɗauko sunana, sai Adunni ta tsaya cak ta ce, 'Ku dakata, ni fa na taɓa zufa a cikin wannan lemar.' Ka ga inda zan sa fuskata? Miƙo mini waya."

Abin da ya ba Kolapo mamaki shi ne ba kuka a muryarta. Idanunta ma wani haske suka yi, irin na mafarauci da ya ga sawu.

Adunni tsohuwar nas ce, ƙawarta tun suna 'yan mata, mai bakin da ko likitoci ke kauce masa. Talata da safe ta iso da gyaɗa da tabarau biyu. Lissafin Kolapo ya ce minti biyar ya ishi kowane faifai: a saka, a tura gaba zuwa inda mata suka fito, a ga yadi, a cire. Awa goma sha shida ke nan, kwana biyu a sauƙaƙe. Lissafin bai san matan nan ba.

Faifan farko da suka saka, auren 'yar wata mamba ne a 1987. Adunni ta yi ihu ta miƙe tsaye.

"Wura! Wura, dubi ƙuguna! Wa ya sace mini wannan ƙugun?"

"Amala ce ta sace. Cire mu ci gaba."

"Ki bari in ga inda na shiga fili. Minti ɗaya."

Minti ɗayan ya zama awa ɗaya da rabi. Ranar faifai tara suka gani. Kowane kuwa sai Iya Kolapo ta zura hannu cikin tarin ta zaro ƙyallensa ba tare da ta duba sau biyu ba, ta ɗaure masa da roba.

Laraba labari ya riga ya zagaya kasuwa, domin Adunni ba ta iya riƙe magana ta kwana. Kafin azahar mata goma sha bakwai sun cika falon, wasu a kujera, wasu a tabarma, gwaggwaro na karo da gwaggwaro. Wata ta zo da kular shinkafar Ofada, wata da alala, wata da fanke cikin bokiti. Alhaja Nimota ta zo da sandarta da fuska a murtuke, ta zauna a babbar kujera.

"Iya Kolapo, kwana huɗu kika ja ni a Balogun kamar akuya. Ƙafata har yanzu ba ta shiga takalmi."

"Alhaja, ai gara ki ji daga bakina."

"Saka mu gani."

Ba ta yi minti goma tana fushi ba. Faifai na uku ya nuno ta a 1985, siririya kamar sandar rake, da wani gwaggwaro da ya fi tiren mai talla faɗi, tana ƙoƙarin shiga ƙofar mota yana hana ta. Falo ya kece. Alhaja ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

"Wannan ɗaurin shi ake yayi lokacin, jahilai!"

"Yayi ko rufin rumfa?"

Can kuma kyamara ta bi ta bayan teburi ta kama wani hannu mai awarwaro yana zuba soyayyen nama cikin jaka. Aka tsayar, aka mayar baya, aka sake mayarwa. Mata uku suka rantse ba hannunsu ba ne tun kafin a tambaye su. Adunni ta cire tabarau ɗaya ta saka ɗayan ta ce ita ta yi wa wannan hannun allura, ta san shi, amma aikin asibiti sirri ne.

Wani lokacin kuma falon kan yi tsit. Fuska ta fito tana rawa, mai ita ta shekara goma a ƙasa. Sai wata ta ambaci sunanta, Musulmi su yi tasu addu'ar, Kirista su yi tasu, a bar ta ta gama rawarta kafin a cire. Babu wanda ya tura irin waɗannan gaba, ko Iya Kolapo da ke duban agogo.

A ranar ne aka tabo zancen Tejumade. Wata ƙungiya ce da ta ɓalle daga Ayomikun a 1980 kan rigimar wa zai zauna a teburin gaba, kuma tun daga lokacin ba sa zuwa bikin juna. A wani faifan an hango biyu daga cikinsu a bakin titi suna leƙe.

"Ga 'yan kwaikwayo can," in ji Alhaja. "Duk abin da muka saka bana, baɗi za ka gan shi a jikinsu."

"Har tari idan muka yi sai sun yi," in ji wata.

Laraba ta ƙare da faifai ashirin da uku. Jimilla talatin da biyu, saura ɗari da hamsin da biyar, kwana biyu.

Alhamis Kolapo ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya aro injin faifai na biyu da talabijin daga maƙwabta ya kafa a baranda, ya ajiye kwamfutarsa a kan teburin cin abinci, ya cika janareta da mai. Ya raba matan gida uku, ya ba kowane rukuni yanki daga samfurin lema, ya ce minti uku, ba ƙari. Adunni ta sara masa.

"To, Injiniya. Kai ka ƙona gidan, kai ne kuma shugaban 'yan kwana-kwana."

Duk da haka bai saki maganarsa ba. Da aka tsaya cin abinci ya ɗauko siriri guda ya ce zai nuna cewa shi ma yana ɗaukar ƙyalle. Ya zura ashoke, ledar ta yage. Ya zura leshi, murfin ya ƙi rufuwa. Atamfa da adire suka shiga lafiya, ya jera biyar a kanta ya ja da baya yana jiran yabo. Mahaifiyarsa ta kira Adunni.

"Wanne ne na sunan jikan Alhaja?"

Adunni ta matsa har hancinta ya taɓa gilashi. "Duk shuɗin layi nake gani. Wannan shuɗi, wannan shuɗi, wannan ma shuɗi ne da ciwon kai."

"Ka ji. A milimita bakwai ɗinka ko ƙafar tsuntsu ba ta fita, balle tsuntsun."

Amma Iya Kolapo ba ta cin hakkin abu. Ta ɗauko ɗaya daga sababbin, mai hoton amarya a jikin faifan, ta ɗaga. Fuskar tana fitowa sarai ta cikin farar robar. Ta ce wannan kam ya yi, mai kauri baƙi ne, yana ɓoye fuska. Idan mutum fuska yake nema, siriri ya fi. Ita dai ba fuska take nema ba.

Injuna uku suka yi aiki har magariba. Daga baranda a yi ihu, na falo su kwaso a guje, a tarar ba lema ba ce, wata ce ta ga tsohon saurayinta. Sau biyu aka ce an gani. Na farko ruwan goro ne amma da kifaye. Na biyu lemomi ne amma koraye. Ranar an ci saba'in da ɗaya.

Juma'a mata talatin da tara suka zo, har da waɗanda suka rufe rumfunansu. Tarin ƙyallayen ya ragu sosai, na lema yana ninke a cinyar Iya Kolapo. Yanzu babu mai roƙon minti ɗaya. A saka, a tura, "Ba shi ba ne!", a cire. Masu zuwa masallaci suka je suka dawo da sauri, ko mayafi ba su cire ba.

Ƙarfe uku da kwata Kolapo ya saka mai lamba ɗari biyu da huɗu a injin falo. Hoton ya yi rawa, ya daidaita. Rumfunan biki, sabon gida mai fentin ruwan ƙwai, kwanan wata a ƙasan allo: Nuwamba 1991. Kyamara ta juya, sai ga su, mata kusan hamsin, ruwan goro daga sama har ƙasa, lemomi shuɗaye suna kaɗawa.

Ihun da aka yi sai da kajin maƙwabta suka watse. Na baranda suka shigo suna ture juna. Alhaja ta buga sanda.

"Ku yi shiru! Mu ne ko ba mu ba ne?"

Aka zuba ido. Ba su ba ne. Babu fuskar 'yar Ayomikun ko ɗaya. Wata ta fara guɗa, aka fara tafi, Kolapo ya ɗaga hannu sama kamar shi ya ci ƙwallo. Adunni ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta canza tabarau.

"Ku dakata. Waccan mai haƙorin gwal ba uwar ƙungiyar Tejumade ba ce?"

Tafin ya mutu. Ita ce. Ga ma'ajinsu, ga mai shelarsu, ga dukansu. Makaɗa suka matso, fili ya buɗe, sai wata mace ta fito daga tsakiyar Tejumade, kafaɗa na rawa, ta duƙa har gwiwa, ta taso tana juyi, mai kalangu yana binta. Kyamara ta matso kan fuskarta.

Mata talatin da tara suka juyo a tare suka dubi Iya Kolapo.

Ita kuwa ta tuna tun lokacin da ta ga fentin gidan. Buɗe gidan ƙanwarta Bolatito ne, wadda aure ya kai ta cikin Tejumade. Ta rufe fuska da ƙyallen, kafaɗunta suna girgiza, ba a san kuka take ko dariya ba sai da ta sauke.

"Nuwamba casa'in da ɗaya," in ji Adunni tana ƙirga yatsu. "Ba ranar da muka je Ibadan sunan jikan Mama Eleja ba ne, kika aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da ke? Ni na kawo miki magani da safe! Har na taɓa goshinki!"

"Ruwan zafi na shafa."

"Jama'a, ku ga zazzaɓi! Ku ga yadda yake karkaɗa ta!"

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Bolatito. In ƙi zuwa buɗe gidanta saboda teburin gaba?"

"Zuwa daban, wannan rawar daban," in ji Alhaja, tana share hawaye da gefen mayafi. "Shekara arba'in muna tare ba ki taɓa duƙa mana haka ba. Kolapo, mayar baya."

Sau huɗu aka mayar. Sai da kowa ta gaji da dariya sannan Alhaja ta sake buga sanda, ta ce a dawo kan abin da ya tara su. Doka ta ce ba a maimaita abin da Ayomikun ta saka. Ayomikun ba ta saka wannan ba. A bisa doka ana iya yankawa gobe, kuma ƙafarta ba ta marmarin Legas. Wasu suka goyi baya, suka ce atamfar ta yi kyau, shekara ashirin da ɗaya kuma wa zai tuna. Wasu suka ce Tejumade za su tuna, su da ba su da aiki. Murya ta hau murya har Alhaja ta ɗaga hannu.

"Mai maganar tana zaune. Iya Kolapo, ke kika zaɓo, ke kika tono. Me kika ce?"

Ta miƙe, ta gyara zane. Ta san idan ta ce a yanka, kuskurenta ya rufu, doka tana bayanta, babu mai sake hawa mota. Ta dubi allon, inda aka tsayar da ita a duƙe tsakiyar lemomi.

"Bolatito tana da irin wannan faifan," ta ce. "Ranar da muka fito, kafin mu kai bakin titi ta saka shi a rumfarta ta juyo da talabijin waje. Shekara talatin muna cewa suna bin bayanmu, sai a bikinmu na arba'in mu fito da abin da suka yar? Kar a yanka. Ni na yi kuskure, idona ya rikita sani da so. In kun ga dama ku ba wata aikin."

"Wa za a ba?" in ji Adunni. "Ni? Ni da na taɓa goshin ƙarya ban gane ba?"

Aka yanke mata hukuncin zazzaɓin 1991: tukunyar shinkafar Ofada da za ta ishi mutum sittin da huɗu, da naman da ba za a ƙirga ba, kuma ranar biki ta yi wa Ayomikun wannan rawar, da duƙawar da komai. Aikin ido kuwa babu wadda ta ko tayar da maganar karɓe shi. Sauran fayafayai goma sha tara da ba a gani ba, matan suka ce ba za su bar su haka tsirara ba, za su dawo Litinin.

Kolapo ya je tashar Kuto a yammacin nan. Mai faifan ya riga ya yi amfani da casa'in, ya dawo masa da ɗari biyu da ashirin da biyu cikin buhu biyu, sauran Kolapo ya sayo sababbi. Ya kuma kira kafinta ya auna ɗaya lungun, domin kabad na biyu. Mahaifiyarsa ta ce sirara ya kai wa matarsa, ko ya jera takardun filayensa a ciki.

Asabar ƙarfe shida da rabi na safe aka ɗaure turmi sittin da huɗu a bayan motar Legas, babu wanda almakashi ya taɓa. Iya Kolapo da Alhaja suka zauna a gaba, Alhaja da silifas saboda ƙafa. Mota ta kama hanya har ta wuce Ewekoro. Can Alhaja ta gyara zama, ba tare da ta juyo ba.

"Wura."

"Na'am, Alhaja."

"Tsakaninki da Allah. Abincinsu ranar, yaya yake?"

Iya Kolapo ta rage murya.

"Amalarsu ta fi tamu laushi."

"Direba," in ji Alhaja, "idan ka kai Sango ka tsaya, akwai mai sauka."